A Maida Baba Gida

Shafi na 19

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako shafin nan yau ba za ta zo har gida ta karɓe wayata ta ƙarasa labarin da kanta. Ki kwantar da hankalinki, ga shi nan. Sai dai na yau babu abin dariya a ciki, ni kaina sau biyu ina ajiye wayar kafin in gama rubuta shi.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda muke. Baba mai gyaran agogo ne, ciwon daji ya kama shi a hanji. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya sayar da tifarsa ta ɗiban yashi, shi da ƙanwarsa Auta suka hau jirgi da tsohon zuwa wani babban asibiti a ƙasar waje don a yi masa aiki. Umma tana gida tana jira. Yau kwanansu ashirin da uku a can, aiki kuma har yanzu ba a yi ba.

*

Ƙarfe goma da rabi na safe nas ta leƙo ta ce likita na son ganin iyalin mara lafiya. Yaya ya sauka ƙasa sayo wa Baba reza, don haka Auta ta gyara mayafinta ta bi bayan nas ɗin ita kaɗai.

Doguwar barandar nan ce dai da ta ɗauka a waya ranar da suka iso ta tura wa 'yan uwa. Ƙasa na sheƙi, ƙofofi na buɗe kansu, ba warin magani, ba mai jinya ko ɗaya kwance a kan kwali. A ranar saƙonni suka yi ta shigowa, wata gwaggonsu har cewa ta yi wannan asibiti ai ko leƙawa mutum ya yi ya warke. Auta ma ta yarda da hakan a lokacin. Kwana uku da saukarsu ƙafar Baba ta hagu ta kumbura, a na biyar numfashi ya gagare shi, aka ce gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe masa huhu. Tun daga ranar robar iska take maƙale a hancinsa, ita kuma ta daina ɗaukar hoto.

Likitar mace ce, gajera mai furfura, ba ta da yawan magana. A gefenta tafinta ce zaune, wata 'yar ƙasarsu da karatu ya kawo ta nan shekaru da yawa ta yi zamanta. Kullum ita ce mai tsokanar Baba, ta ce ba za a sallame shi ba sai ya gyara mata agogon bogin da mijinta ya saya mata. Yau ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba.

Takardu kashi biyu ne a kan tebur. Tafinta ta ce na hagu rahoton likitansu na gida ne, wanda suka zo da shi a jakar Yaya. Na dama ma shi ne, amma wanda likitan gidan ya turo jiya da kansa, bayan an rubuta masa ana tambayar dalilin da ya sa ya bar mai irin wannan jinin ya yi tafiyar awa tara a jirgi.

Auta akawu ce a kotu, shekararta takwas a ofishin ajiye fayil. Akwai ɗabi'ar da aikin ya saka mata, ba ta karanta takarda sai ta fara duba lambar da ke ƙasan kowane falle. Ko katin biki aka miƙa mata sai ta juya bayansa. Wannan rahoton kuwa ba ta taɓa riƙe shi ba, tun daga gida Yaya ke rungume da jakar, ko banɗaki zai shiga da ita yake shiga. Yanzu da rahoton ya zo hannunta, yatsanta da kansa ya tafi ƙasan takarda.

Ɗaya. Biyu. Uku. Biyar.

Ta sake ƙirgawa, ko falle biyu ne suka manne da juna. Ba su manne ba.

Ta jawo na dama. Falle na huɗu yana nan, rubutun bai fi layi goma ba. Ciwon ya riga ya kai hanta, aiki ba zai yi amfani ba. Jinin mara lafiyan yana saurin daskarewa, doguwar tafiya a jirgi haɗari ce gare shi. Shawarar likita ita ce a yi jinyarsa a gida, a rage masa zafin ciwo, a bar shi kusa da iyalinsa. Kwanan watan da ke jiki sati biyu ne kafin su taso.

Likita ta yi magana a hankali, tafinta ta maimaita ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ta ce da sun ga wannan fallen, da sun ce kada ku zo."

Sauran bayanin Auta ta ji shi ne kamar kanta na cikin ruwa. Hotunan da su ma suka ɗauka bayan numfashin Baba ya ɗan daidaita sun nuna abu ɗaya da fallen. Babu aiki, ba yanzu ba, ba nan gaba ba. Jirgi kuma ba zai iya hawa ba sai bayan sati shida a ƙalla, shi ma da tukunyar iska da ma'aikacin jinya a gefe.

"Yana da sati shidan?" in ji Auta.

Tafinta ta fassara. Likita ta kalli tafinta, tafinta ta kalli tebur.

Kafin ta tashi likita ta miƙo mata wata sabuwar takarda ta sallama mai falle biyu, an maƙale su da fil. Wai tun jiya Baba yake roƙon nas-nas a sallame shi, doka kuma ba ta ba su ikon riƙe shi dole ba. Falle na farko tarihin jinyarsa ne da jerin magungunansa, da cewa yana buƙatar keken turawa. Na biyu ya ce ba ya rabuwa da iska, kuma ba a yarda ya hau jirgi ba. Ko wane falle da hatimin asibiti a jikinsa.

Abu ɗaya Auta ta lura da shi tana tattara takardun. A kotu in ɗan aiken wani lauya ya yi wasa da fayil, daga fil ɗin da aka maƙale takardun ake kama shi, domin za ka ga huda huɗu maimakon biyu, ko gefen takarda ya ɗan yage. Ita kanta mutum biyu ta kama da haka. Rahoton nan nasu huda biyu ne rak. An zare fil ɗin, an cire falle, an mayar da shi ta ramin da ya fito, an kwantar da ƙafafunsa lif. Ta ga haka da idonta, amma ɓacin rai bai bar ta ta tsaya tunani a kai ba.

A matattakalar bene ta tare Yaya, yana hawowa da 'yar leda a hannu. Mutum ne ƙato, amma kwana ashirin da ukun nan sun zuge shi, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Ba ta gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun tasowarta. Takardun kawai ta ɗaga masa.

"Ina falle na huɗu, Yaya?"

Ya kalli takardun, ya kalle ta. Sai ya nemi matakala ya zauna, ya ajiye ledar tsakanin ƙafafunsa.

"Ni na cire."

Wallahi da musu ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta shirya wa musu, ba ta shirya wa wannan ba.

"Ka karanta abin da ke ciki?"

"Na karanta."

"Ka ga an ce kada ya hau jirgi?"

"Na gani."

"Ka ɗauko shi."

"Na ɗauko shi."

Nan ta buɗe masa wuta. Ta ce ya kalli tsohon nan da ya baro gida da ƙafafunsa, yana ciniki da mai tasi, yau ko banɗaki sai an riƙe shi. Ta ce ita ma ya mayar da ita sakarai, tana ta ɗaukar hoton baranda tana tura wa dangi, ashe shi ya san kabari suka zo nema. Ta ce Umma na can ta sa an yi wa ɗakin Baba fenti, ta sayi sabuwar katifa don in ya dawo daga aiki ya ji daɗin kwanciya. Wa zai faɗa mata? Shi ko ita?

Yaya bai katse ta ba sai da ta gaji don kanta. Sannan ya ce ejan ɗin da ya haɗa su da asibitin, mutumin nan mai kwat da murmushi, shi ya ce masa ya turo takardun da suka yi kyau kawai, likitocin gida duk haka suke, in abu ya fi ƙarfin na'urarsu sai su ce ba ya warkuwa. Ya nuna masa bidiyon mutane a waya, wannan an kawo shi a kwance ya koma yana tuƙa mota, wancan an ce saura wata ɗaya yau shekararsa biyar. Ga kuma maƙwabcinsu tsohon malamin makaranta, da idonsu suka ga an fita da shi a keke ya dawo yana zuwa kasuwa da kansa.

"Ba wannan na tambaye ka ba," in ji Auta.

Da ya sake magana muryarsa ta canza.

"Ranar da aka yi zaman makokin Antinki kina ciki wajen mata, ba ki ji ba. Ni ina waje. Mutum uku na ji da kunnena suna cewa da mijinta ya fitar da ita waje da tana nan. Ina zaune, ina amsa gaisuwa."

Matar Yaya ke nan, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce, bayan an yi wata biyu ana ɗaga ranar aikinta saboda na'urar asibiti ta lalace. Auta ta san bai sake aure ba. Ba ta san maganar nan yake ɗauke da ita ba duk tsawon shekarun.

"Na rantse ba za a sake faɗa min haka ba," ya ce. "To ga shi. Na fitar."

Tausayinsa ya taso mata, ta danne shi, domin ba ta gama fushi ba. Idonta ya sauka a kan hannayensa da ya ɗora a gwiwa. Hannun mutumin da ya shekara ashirin yana murza sitiyarin tifa ne, yatsu kamar taɓarya, farce duk a faffashe. Mutumin da ko layin waya zai canza sai ya kira ta ta saka masa.

Sai fil ɗin nan ya faɗo mata a rai.

"Da me ka cire fil ɗin?"

"Wane fil?"

"Na jikin rahoton."

"Da farce mana."

Ta miƙa masa tsohon rahoton. "Cire mu gani."

"Ke Auta, wannan wane irin abu ne?"

"Cire, Yaya."

Ya karɓa. Ya sa farcen babban yatsa, ya zame. Ya sake sawa, fil ɗin ya lanƙwashe. A na uku gefen takardun gaba ɗaya ya yage, ya bar masa guntu a hannu. Ya zauna yana kallon guntun, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ke wurin.

Mutum ɗaya ne a duniya da Auta ta sani wanda zai iya zare waya siririya haka ya mayar da ita ba tare da takarda ta sani ba. Tun tana ƙarama take zama a gefen teburinsa tana kallonsa yana ɗauko ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba da hantsaki.

"Kada ki je masa da maganar nan," in ji Yaya. "Ki bar ta a kaina. Na roƙe ki."

Ta riga ta fizge rahoton ta juya.

Da ta tura ƙofar ɗakin, Baba na zaune ya jingina da filo. Robar iskar ba ta hancinsa, tana kan bargo tana huci ita kaɗai. Agogonsa na aljihu na buɗe a tafin hannunsa, idonsa a kai. Leɓensa ya yi duhu, ƙirjinsa na hawa da sauka. Na'urar da ya kamata ta yi kuka ta kira nas tana ta walƙiya da jan haske ba sauti, domin tun kwana na biyu tsohon ya gano inda ake kashe muryarta.

Auta ta yi wurgi da takardun, wasu a ƙasa wasu a kan bargo, ta mayar masa da robar. Ya ja iska sau uku, sau huɗu, sannan ya rufe agogon.

"Kin katse min lissafi," ya ce. "Minti goma sha ɗaya na yi ɗazu. Jiya tara ne. Kin ga ana samun ci gaba."

"Lissafin me, Baba?"

"Na zaman jirgi. Ai ba za su bar ni in shiga da wannan igiyar ba."

"Baba, tafiyar awa tara ce."

"Na sani. Da ita na zo."

Ta zauna a bakin gado. Yaya ya shigo ya tsaya a jikin ƙofa, ledar rezar har yanzu tana hannunsa. Baba ya kalli rahoton da ke ƙasa, ya ga yagaggen gefen, ya girgiza kai.

"Wannan aikin Direba ne," ya ce, don haka yake kiran Yaya. "Nawa bai yage ba."

Ba wanda ya tambaye shi, shi ya faɗa, yana yi yana tsayawa jan numfashi. Ya ce ranar da suka karɓo rahoton, Direba ya ajiye jakar a shago ya tafi neman mai sayen tifa. Shi kuma ya sa gilashinsa na aiki ya bi takardun layi-layi. Ba duk kalmomin ya gane ba, amma wanda ya shekara arba'in yana karanta takardar da ke zuwa cikin kwalin agogo ya san bambancin a gyara da ba ya gyaruwa. Ya daɗe zaune. Sannan ya ɗauko hantsaki. Yana cikin kwantar da ƙafar fil ɗin Direba ya dawo ya same shi. Suka kalli juna, Direba ya ɗauki jakar ya rataya, daga ranar har yau ba su taɓa tayar da maganar ba. Fallen yana can a ninke a bayan agogon bango na shago.

"Me ya sa, Baba?"

Ta zaci zai ce don Yaya ne, don kada yaron ya sake jin abin da ya ji. Da ya faɗi haka da ta samu inda za ta ajiye abin a ranta.

"Tsoro na ji, Auta."

Ya faɗe shi a sarari, bai sunkuyar da kai ba.

"Shekarata saba'in da ɗaya, ina yi wa mutane wa'azin haƙuri a bakin shago. Da aka rubuta min tawa a takarda sai na ga ban shirya ba. Na ga malamin nan ya dawo yana tafiya. Na ce ni ma me zai hana."

Hawaye suka zubo mata. Wannan mutumin ne bai taɓa barin ta ta ɗauki ko alli daga makaranta ta kawo gida ba. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa, ta rasa wanda za ta fara da shi.

Ya ce yanzu tsoron ya tafi, ko kuma wani ya maye gurbinsa. Ranar da za su taso ko sallamar kirki bai yi da Umma ba. Tana tsaye a ƙofar gida tana ce masa ya manta hularsa ta sanyi, shi kuma yana ce mata ta ajiye, sati biyu ne ya dawo. Shekara arba'in da huɗu suna tare, maganarsu ta ƙarshe a kan hula ce. Ba ya so a mayar mata da shi cikin akwati, a ƙarƙashin ƙafafun fasinja tare da jakunkuna. Ba ya so kuma a binne shi a nan, inda ba za ta taɓa sanin ko da hanyar wurin ba.

Auta ta ce to a kawo Umma. Yaya ya amsa daga bakin ƙofa cewa ya riga ya bincika tun satin da ya wuce. Umma ko fasfo ba ta da shi, in an yi ma, ranar ganawa ta neman biza mafi kusa sati bakwai ce. Ejan ɗin da ya ce komai a hannunsa yake, kwana goma ke nan ba ya ɗaukar waya.



Baba ya miƙa hannu ya ɗauki sabuwar takardar sallamar daga kan bargo. Ya ɗaga falle na farko, ya duba na biyu, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa aikin da ya saba. Ya ce in suka je filin jirgi aka gan shi a keke, dole a nemi takardar asibiti. Na farkon nan ya isa, ga suna, ga magani, ga hatimi. Na biyun ne matsala.

Ya laluba ƙarƙashin filo ya zaro 'yar jakar fata, wadda ya ƙi baro ta a gida duk da faɗan da Yaya ya yi. Ya zaro hantsakin. Ya kai bakin hantsakin kusa da fil ɗin takardar, hannun ya kama karkarwa. Ya riƙe shi da ɗayan, duka biyun suka yi ta rawa. Ya gwada sau biyu, sannan ya haƙura.

Ya juya hantsakin ya miƙo mata ta wajen mariƙi, yadda ya koya mata ana miƙa kayan aiki.

"A'a, Baba."

"Direba zai yaga. Ke kika san takarda."

"Aikina ke nan, Baba, kama masu yin wannan. Mutum biyu na sa aka kora."

"Na sani. Ina alfahari da ke."

"In na cire, kana iya mutuwa a sama. A kujera, tsakanin baƙi, ina kallo."

"Ina iya."

"In ban cire ba..."

"Nan zan mutu, a ɗaki mai kyau."

Ta juya ta kalli Yaya, ko zai ce wani abu, ko zai hana, ko zai yi tsawa irin ta babban wa. Ya kawar da kai yana kallon bango. Ɗazu ta tsaya a kansa tana tambayarsa yadda aka yi ya karanta ya gani kuma ya ɗauko. Yanzu ta san yadda ake yi. Ashe ba wani mugun hali ake buƙata ba, uba ne kawai zai kalle ka.

"Akwai jirgi jibi da rana," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Na duba. Da sauran kujeru."

Ba ta san lokacin da ta karɓi hantsakin ba. Ta dai gan shi a hannunta, da ɗuminsa, mariƙin ya sha hannu har ya yi santsi. Ta ce a ranta riƙewa kawai za ta yi don ya daina miƙo mata. Ta ɗora takardar a cinyarta, ta juya bayanta inda ƙafafun fil ɗin suke kwance.

Sai wayarta ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Umma.

Baba ya gyara zama da sauri. Ya zare robar daga hancinsa ya tura ta ƙarƙashin bargo, ya shafa fuskarsa, ya buɗe agogon ya ajiye a gefen cinyarsa inda waya ba za ta ɗauka ba.

"Ɗauka," ya ce. "Ina da minti goma sha ɗaya."

Yaya ne ya ɗauka ya riƙe musu wayar. Fuskar Umma ta cika gilashin, ta kusanto da ita sosai yadda ta saba, goshi da ido kawai ake gani. A bayanta sabon fentin ɗakin ne, ruwan ganye. Ta yi sallama, ta ce kai, yau ya yi kyan gani, har an cire masa abin hancin nan. Baba ya yi dariya ya ce ai ya gaya mata, sauƙi sai ƙaruwa yake. Ta juya wayar ta nuna masa katifar, da ledarta ba a cire ba, ta ce ba wanda zai hau sai shi. Ta nuna masa hular sanyin a rataye a ƙusa. Ya tsokane ta ya ce fentin ya yi kama da na ɗakin jira na asibiti, ta ce to in ya dawo ya sake da kansa.

Minti uku. Auta na ganin allurar agogon daga inda take.

Minti huɗu. Amsoshin Baba suka fara gajarta. Leɓensa na ƙasa ya soma duhu.

Umma ta tsura masa ido. Shekara arba'in da huɗu ba wasa ba ce.

"Ba ni Auta," ta ce.

Yaya ya juyo da wayar.

"Auta, su biyun nan kullum sai su ce min da sauƙi. Ke ba kya min ƙarya tun kina yarinya. Ki faɗa min tsakaninki da Allah, yaushe za ki dawo min da shi?"

Auta ta kafe ido a kan wayar. Baba na kallonta, Yaya na kallonta, Umma na jira.

A kan cinyarta, inda wayar ba ta gani, bakin hantsakin ya riga ya shige ƙarƙashin fil ɗin. Ƙafarsa ta farko ta ɗago, takardar ko gezau ba ta yi ba.